BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: FASFO DA KATIN SHAIDA A JIRAGEN RUWAN SHAƘATAWA

A ƙasar Amurka akwai wata irin tafiya wadda ta zama ruwan dare, watau tafiyar shaƙatawa cikin jirgin ruwa. Mutum zai biya kuɗinsa, ya shiga wani makeken jirgi wanda ya fi wata unguwar yawan jama'a, a yi kwana huɗu ko mako guda ana zaga tsibirai, ana ci ana sha ana kallo, sa'an nan a komo da shi inda aka ɗauke shi. Ƙungiyar kamfanonin da ke wannan sana'a ta ce a shekarar 2023 mutum miliyan 31.7 suka yi irin wannan tafiya a duniya. Jirgin nan Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga tashar Miyami a watan Janairu na 2024, tsawonsa mita 365 ne, yana kuma iya ɗaukar fasinja har 7,600. Dattawan Ikko ba su manta da Aureol ba, jirgin kamfanin Elder Dempster wanda ya yi jigila tsakanin Apapa da Ingila daga 1951 zuwa 1974. Bambancinsu shi ne, masu shiga Aureol suna da inda za su, masu shiga waɗannan kuwa tafiyar ce da kanta suka saya.

To, cikin masu wannan tafiya akwai wata tambaya wadda ba ta ƙarewa. Mutum ya biya kuɗin jirgi tun watanni, saura kwana uku a tashi, sai ya laluba aljihu ya ji babu jakar kuɗinsa, lasin tuƙinsa kuwa yana ciki, shi ne kuma kaɗai katin shaidarsa mai hoto. Ba shi da fasfo, domin an gaya masa wannan tafiya ba ta bukatar fasfo. Shin za a bar shi ya shiga jirgi? Amsar tana da amfani ga kowane mutumin da ke zaune nesa da garinsu, ko da bai taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba, domin tana nuna abin da ke faruwa ga wanda ya rataya dukan shaidarsa a ƙusa guda.

Kafin a amsa, sai a fara duba yadda aka yi har ake fita ƙasa ba tare da fasfo ba. A da, Ba'amurke yakan je Kanada ko Meziko ko tsibiran Karibiyan ya komo, a kan iyaka ya faɗa da baki cewa shi ɗan ƙasa ne, ya nuna lasin tuƙi, a bar shi ya wuce. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka ga wannan ƙofa ta yi faɗi da yawa. A 2004 Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka wadda ta tilasta nuna fasfo ko takarda makamanciyarsa. Aka fara aiki da ita ga matafiyan jirgin sama ranar 23 ga Janairu 2007, ga na ƙasa da na ruwa kuma ranar 1 ga Yuni 2009. Amma sai aka bar wata 'yar kafa. In jirgin ruwa ya tashi daga wata tasha ta Amurka, ya zaga makwabtan ƙasashe, ya komo wannan tasha ɗin dai, watau tafiyar zobe, to ɗan ƙasar Amurka yana iya komowa gida da takardu biyu kawai: takardar haihuwa wadda hukuma ta bayar, da katin shaida na gwamnati mai hoto. Yaro wanda bai kai shekara 16 ba takardar haihuwarsa ta wadatar. Takardar da asibiti ke ba mai jego don tunawa ba ta shiga lissafi, haka nan katin zaɓe.

Mai karatu zai ce, me ya sa jirgin ba zai tsaya cikin ruwan Amurka ba, a huta da zancen iyaka? Dalili shi ne wata tsohuwar doka ta 1886, wadda ta keɓe jigilar fasinja tsakanin tashoshin Amurka ga jiragen da ke da rajistar Amurka. Kusan dukan manyan jiragen shaƙatawa kuwa rajistarsu ta waje ce, irin su Bahamas da Fanama. Saboda haka tilas su taɓa wata ƙasa kafin su komo. Kowane fasinja, ko ya sauka a can ko bai sauka ba, ya fita ƙasarsa ke nan, kuma zai gamu da jami'an shige da fice ranar komowa.

Yanzu a koma ga mai ɓataccen lasin. Takardun nan biyu aikinsu daban-daban ne. Takardar haihuwa tana shaida cewa an haifi wani mai suna kaza a ƙasar, amma ba ta da hoto, ba ta iya cewa wanda ke riƙe da ita shi ne mai sunan. Katin mai hoto shi ke haɗa fuska da suna. In ɗaya ta faɗi, ɗayar ba ta tsayawa ita kaɗai. Takardar 'yan sanda tana nuna an kai ƙarar ɓatan kati ne kurum, ba ta zama kati. Hoton katin da ke cikin wayar hannu yana taimakawa wajen neman sabo, amma ba a dogara da shi a bakin jirgi. Wanda ya garzaya ofishin ba da lasin tuƙi na jiharsa, a jihohi da yawa takardar wucin gadi za a ba shi, ainihin katin sai daga baya ya zo ta gidan waya. Kamfanonin jirage sun bambanta a kan karɓar wannan takarda, hukumar tsaron filayen jiragen sama kuwa ba ta lasafta ta cikin katunan shaida. Ga shi kuma fasinjoji da yawa sai sun hau jirgin sama kafin su isa Miyami ko Galbeston, kuma tun daga 7 ga Mayu 2025 aka ƙara tsaurara irin lasin da ake karɓa a jiragen sama na cikin gida. Ashe ƙofa biyu ce ke jiransa.

Abin da ya rage masa shi ne ko dai ya samo wani katin gwamnati mai hoto, kamar na soja ko na jiha, ko kuma ya nemi fasfon gaggawa. Akwai ofisoshi na musamman masu ganin wanda tafiyarsa ta rage kwana 14 ko ƙasa da haka, amma sai an ba shi lokaci, kuma su ma za su bukaci ya tabbatar da ko shi wane ne. In duk ya rasa, ƙa'idar tikiti ba ta da lauje cikin naɗi: tanadin takardu alhakin fasinja ne, wanda ya zo ba su za a hana shi shiga, kuɗinsa kuma ba za a mayar masa ba. Alhali kuwa da yana da fasfo a ajiye a akwati, da ɓatan lasin bai wuce ɓacin ran yini guda ba, domin fasfo shi kaɗai ya haɗa aikin takardun nan biyu.

Wannan shi ne kashi na farko na hujjar. Kashi na biyu ya fi nauyi, domin ya shafi har wanda bai ɓatar da komai ba. Sassaucin tafiyar zobe an gina shi ne bisa zaton cewa jirgin da ya fita da mutum shi zai komo da shi. Teku kuwa ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba. Ranar 7 ga Fabrairu 2013 jirgin Carnival Triumph ya tashi daga Galbeston ta jihar Teksas zuwa tsibirin Kozumel na Meziko, ɗauke da mutum fiye da 4,200, fasinja da ma'aikata. A hanyar komowa, ranar 10 ga wata, gobara ta tashi a ɗakin inji. An kashe wutar, amma jirgi ya rasa ƙarfin tafiya, lantarki ya ɗauke, bandakuna suka daina aiki. Shawarar farko ita ce a jawo shi zuwa tashar Forogireso ta Meziko, a kwashe jama'a ta sama zuwa gida. Daga baya aka sake shawara aka nufi Mobil ta jihar Alabama. Kamfanin ya ce igiyar ruwa ta riga ta tura jirgin arewa, ya kuma ƙara da cewa akwai fasinja kimanin 900 da ba su da fasfo, waɗanda shigarsu ƙasa za ta fi sauƙi ta tashar Amurka. Sai daren 14 ga wata suka taka ƙasa. Watau a tsakiyar teku, cikin zafi da ɗoyi, rashin fasfo ya shiga cikin abubuwan da aka auna.

Ba sai an yi gobara ba. Tsoho yakan kamu da ciwon zuciya a sauke shi a asibitin wani tsibiri, jirgi ya wuce. Matashi yakan shagala a kasuwa ya iso tasha ya tarar an janye tsani, domin jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa. Wani kuma saƙon rasuwa zai same shi ya bukaci komawa gida a ranar. Dukan waɗannan hanyarsu guda ce, jirgin sama, shi kuwa jirgin sama na ƙasa da ƙasa ba ya karɓar takardar haihuwa. Hatta ɗan katin fasfo da Amurka ta fara bayarwa a 2008, iyakacinsa tafiyar ƙasa da ta ruwa daga makwabta, ba a hawa jirgin sama da shi daga waje. Sai mutum ya nemi ofishin jakadanci a yi masa fasfon wucin gadi, ba kuwa kowane tsibiri ke da ofishin ba. Na Birijtawun a Barbados, alal misali, shi ke kula da ƙasashe da dama na gabashin Karibiyan. Shi ya sa Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka da kanta take ba masu tafiyar zobe shawarar su riƙe cikakken fasfo, ko da doka ba ta tilasta musu ba.

Masu kare sassaucin suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa fasfo yana da tsada: bisa kuɗin 2025, baligi mai neman na farko zai biya dala 165, iyali mai mutum biyar kuwa sai su kashe abin da ya kusa kuɗin tikitin mutum guda. Suna kuma cewa mafi yawan jirage lafiya suke fita lafiya suke komowa. Duka gaskiya ne. Amma fasfon baligi shekara 10 yake yi, in aka raba kuɗin bai kai dala 17 a shekara ba. Wanda ya iya biyan kuɗin mako guda na hutu a teku, bai kamata ya yi tsimi a kan abin da zai komo da shi gida ba. Araha ba ta ado. Laifin kuma ba na fasinja kaɗai ba ne. Kamfanin da ke tallar tafiya da manyan haruffa cewa ba a bukatar fasfo, sa'an nan ya rubuta gargaɗi da ƙanana, ya sayar da rabin gaskiya ne.

Wasu kuma suna ganin dukan wannan tsanani zalunci ne ga mutumin kirki wanda tsautsayi ya faɗa wa. Ma'aikacin tasha yana ganin fuskarsa, yana ganin matarsa da 'ya'yansa, me zai hana ya yi masa uzuri? Abin da ke hana shi shi ne, takardar da ta ɓace a hannun wani, tana iya bayyana a hannun wani. Tun 2002 ƙungiyar 'yan sandan duniya, Interpol, take ajiye rajistar takardun tafiya da aka sace ko suka ɓace. Sa'ad da jirgin saman Malesiya mai lamba MH370 ya ɓace ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239, sai aka gano fasinja biyu sun shiga da fasfon sata, ɗaya na Ba'italiye ɗaya na mutumin Ostiriya. Masu bincike ba su sami alaƙarsu da ɓatan jirgin ba, amma duniya ta ga yadda ƙofa take a buɗe. Saboda haka ne a Amurka, da zarar mutum ya ba da rahoton ɓatan fasfonsa sai a soke shi, ko da ya tsince shi washegari a ƙarƙashin katifa ba zai sake tafiya da shi ba. Wanda zai kai rahoto sai ya bincika ɗakinsa sarai tukuna, in kuwa ya tabbata ya ɓace, kada ya kwana bai kai ba.

Ina ruwan mazaunin Sabon Badun ko Agege ko Fatakwal da wannan zance? Da farko, sassaucin nan na 'yan ƙasar Amurka ne kawai. Ɗan Nijeriya da ke son shiga irin wannan jirgi daga Miyami tilas ya riƙe fasfonsa, da bizar da za ta ba shi damar sake shiga Amurka bayan an zaga, da bizar duk ƙasar da ke neman biza cikin waɗanda za a taɓa. Kamfanoni da yawa suna son fasfon ya zamana da sauran wata 6 bayan ƙarshen tafiya. A watan Yuli na 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar baƙunci ta 'yan Nijeriya ta shiga sau ɗaya mai wata 3, bayan haka ma an daɗa tsaurarawa. In fasfon Nijeriya ya ɓace a waje, ofishin jakadanci zai iya ba mutum takardar gaggawa ta komowa gida, amma bizar da ke manne cikin tsohon ta tafi tare da shi. In a gida ya ɓace, sai an kawo takardar 'yan sanda da rantsuwar kotu, a kuma haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Daga 1 ga Satumba 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Har wa yau, fataken da ke bin ruwa daga Kalaba da Oron su lura: takardar tafiya ta ECOWAS an yi ta ne don ƙasashen ƙungiyar, Kamaru da Gabon da Ikwatoriyal Gini kuwa ba sa ciki. Ita ma, kamar ɗan katin nan na Amurka, tana da iyakar da ba ta ƙetarewa.

Na biyu, kuma shi ne babban darasi, Ba'amurken da ya ɓatar da lasinsa wahalarsa ta 'yan kwanaki ce, domin sunansa da hotonsa da ranar haihuwarsa suna rubuce a littafin hukuma. Kati inuwa ce kawai, rajista ita ce bishiyar. Wanda ba shi da rajista, in takardarsa ta ɓace, babu inda za a duba a sake masa wata. A nan ne gizo ke saƙar. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista, a jihohin Arewa da dama ma abin bai kai haka ba. Hukumar ba da katin ɗan ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2007, tana ba kowa lamba mai alƙaluma 11, wadda ba ta ƙonewa ba ta kuma faɗuwa a mota. Amma mutum nawa ne sunansu ya zo Muhammadu a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mamman a ta uku, da ranar haihuwa iri biyu? Ranar neman fasfo duk wannan zai fito fili.

Kada wani ya ce shi sananne ne, ba ya bukatar takarda. A watan Janairu na 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka kai shi Chadi bisa zargin cewa shi ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da Babbar Kotun Maiduguri ta tabbatar masa da ƙasarsa. In aka iya yi wa ɗan majalisa wannan tambaya a garinsu, ina ga mai sayar da goro ko mai tura baro a garin da ba a san kakansa ba? Kuma waɗanda suka ga rikicin kasuwar Sasa a Badun a watan Fabrairu na 2021 sun san yadda wuta ke cinye rumfa da akwati da dukan abin da ke ciki cikin sa'a guda.

Bisa ga haka, abin yi ba shi da wuya. Kowane magidanci ya mallaki shaida fiye da guda, kada kuma ya tara su a aljihu ɗaya. Ya haddace lambarsa ta ɗan ƙasa, ko ya rubuta ta a wuri biyu. Ya ɗauki kwafin kowace takarda ya aika gida wurin ɗan'uwa amintacce. Ya daidaita rubutun sunansa a duk takardunsa tun ba a tambaye shi ba. Ya yi wa kowane jariri rajista a garin da aka haife shi, ko Shagamu ne ko Anacha. Mai niyyar ƙetare ruwa, don hutu ko fatauci ko neman aiki, ya tambayi takardar da za ta komo da shi in tafiya ta ɓaci, ya fifita ta a kan wadda za ta fitar da shi kawai. Sarakunan Hausawa da limaman unguwanni suna da bakin da jama'a ke ji, ya kamata su sa wannan cikin abin da suke tunatarwa.

Hukumomi su ma suna da nasu kason. Bai dace talaka da ya shekara 20 yana biyan haraji a Ikko a ce sai ya kashe kuɗin mota zuwa ƙaramar hukumarsu kafin a sake masa wata takarda ba, alhali hotonsa da zanen yatsunsa suna cikin na'urar gwamnati. Amfanin rajistar ƙasa shi ne a san ɗan ƙasa a duk inda yake tsaye. Sai an sauƙaƙa maye gurbin abin da ya ɓace ne jama'a za su daina ɓoye ɓatan, su kuma daina bin 'yan bayan fage masu buga na jabu.

Fasinjojin nan 900 sun yi sa'a, akwai tashar ƙasarsu kusa, akwai kuma littafin da ke ɗauke da sunayensu. Ba kowane matafiyi ke da waɗannan biyun ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya.